Zinaren da ke Bakin Kelepi

A Pangai, garin da ke tsibirin Lifuka, idan aka ce Kelepi na kwale-kwale, ba a ƙara wani bayani. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jigilar mutane tsakanin Lifuka da ƙananan tsibiran da ke kewaye da ita, a jirginsa na katako mai inji ɗaya. Ya ɗauki 'yan makaranta, ya ɗauki aladu a ɗaure, ya ɗauki masu naƙuda, ya ɗauki gawa. Ba shi da tsawo sosai, amma ƙirjinsa faffaɗa ne, kuma magana ba ta dame shi ba. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne sanyin rai. Har yau ana ba da labarin ranar da igiyar ruwa ta cika jirgin har gwiwa, mata suka ɗauki waƙar coci suna kuka, shi kuwa ya dubi na kusa da shi ya ce a miƙo masa ragowar dafaffen rogon nan kafin gishiri ya ɓata shi. Iyaye kan ce wa yaro mai rawar kai, "Je ka zauna kusa da Kelepi ko ka ɗan tsinci wani abu."

Matarsa Sela ta rasu shekara shida da suka wuce. Zoben aurenta siriri ne, aikin wanki da saƙar tabarma sun ƙara sirantar da shi, don haka da aka narka shi don a liƙa a haƙori a riƙa tunawa da ita, kamar yadda ake yi a can, bai wuce na haƙori ɗaya ba. Yawanci 'ya'ya mata ake sa wa irin wannan zinaren, amma 'yarsu ɗaya tilo, Lesieli, tana birnin Suva a ƙasar waje a lokacin tana koyon aikin haƙori, ta aiko cewa Baba ya fi ta bukatarsa. Kelepi ya hau babban jirgi ya je Nuku'alofa, babban birnin ƙasar, aka liƙa masa shi a bakin haƙorinsa na sama, na gaba. Ba mai yawan murmushi ba ne, don haka ba kowa ke ganinsa ba. Shi dai ya san yana nan. Idan yana riƙe da sitiyari shi kaɗai, harshensa yakan je ya taɓa wurin ya dawo.

Al'amarin ya fito fili ne a taron coci na wata uku-uku da aka yi a tsibirin 'Uiha. Baƙi maza aka shimfiɗa musu tabarmi a zauren makaranta, suka kwana jere kamar kifi a kan tire. Da safe ana shan shayi a gindin mangwaro, Sosaia, wani tsohon malamin firamare da bakinsa ba ya ajiye komai, ya ɗaga kofinsa.

"Jama'a, ina da tambaya. Wane bawan Allah ne ya kwana yana kankarar kwakwa? Ni fa har na tashi da kwanona ina neman inda ake tatsar madara."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Wani ya ce shi ya zaci ɓera ne ya samu katako. Wani ya ce a'a, ɓera yana hutawa.

"Na bi sautin nan tabarma tabarma," in ji Sosaia, "sai ga ni a kan direbanmu. Kelepi, ɗan'uwana, ashe duk abin da kake haɗiyewa da rana, da dare kake dawo da shi kana tuƙa kamar saniya?"

Nan fa dariya ta ɓarke, har mai wa'azi ya kau da kai yana goge ido. Kelepi ma ya ɗan motsa leɓe, don kuwa haka aka saba. Amma ya ajiye shayin, bai ƙara ɗauka ba. Duk hanyar komawa gida, mutum ashirin a jirgin, bai iya duban ko ɗaya ba. Ba tsokanar ce ta dame shi ba, shi ma ya sha yi wa wasu. Abin da ya tsaya masa shi ne Sela. Shekara talatin da ɗaya tana kwana a gefensa, ba ta taɓa faɗa masa yana goga haƙora cikin barci ba. Sai yanzu ya tuna sau nawa yake farkawa ya ji tafin hannunta a muƙamuƙinsa. Shi a tunaninsa so ne kawai.

Da ya ɗaure jirgi kowa ya watse, ya ɗauko guntun madubin da yake aski da shi, ya juya wa gari baya, ya buɗe baki. Haƙoransa sun daidaita kamar an bi su da zarto, babu mai tsini ko ɗaya. Zinaren kuwa ya yi gajere, gefensa ya yi fayau kamar fatar albasa. Ya daɗe yana dubawa kafin ya tambayi kansa inda ragowar ta tafi. Amsar ba ta da wuya. Shekara shida ke nan yana cin zoben matarsa kaɗan-kaɗan, yana barci.

Lesieli ta dawo gida tun bara, ita ce ke riƙe da ɗakin haƙori na asibitin garin. Katako ɗaya ne tsakanin ɗakinta da na ubanta, don haka ta daɗe da sani. Amma ta ina ɗiya za ta fara gaya wa ubanta abin da bakinsa ke yi cikin barci? Sai da labarin 'Uiha ya zagaya kasuwa ya iso asibiti sannan ta samu ƙofa. Da yamma ta ajiye masa gwaza da kifi, ta koma bakin ƙofa ta zauna a ƙasa.

"Baba, akwai wata roba da ake yi."

Bai ɗago ba.

"Daidai bakin mutum ake yin ta. Idan za a kwanta sai a sa a haƙoran sama. Ba ta hana taunar, amma ita za ta riƙa cinyewa maimakon haƙori. Mutane da yawa suna sawa, har manyan mutane."

"Me ke kawo shi?"

Ta ce, "Wani lokaci gado ne. Wani lokaci kuma damuwa ce, wadda mutum bai faɗa ba."

"Ni ba ni da damuwa."

"To, Baba."

Ya ci gaba da cire ƙayar kifi. Can ya ce, "Yaya ake sanin daidai bakin mutum?"

Ta bayyana masa. Ana kwaɓa wani gari, a zuba a ɗan cokalin ƙarfe mai lanƙwasa, a danna a haƙora, a riƙe har ya daskare. Sai a aika awon Nuku'alofa, robar ta dawo a jirgi.

"Wa ke dannawa?"

"Ni ce kaɗai a wurin, Baba. Babban likita sai bayan wata biyar zai zagayo."

Sai a lokacin ya dube ta. A al'adarsu ɗa ba ya taɓa kan ubansa, don haka tun tana rarrafe ba ta taɓa kai hannu kansa ba. Ba ta taɓa cin ragowar abincinsa ba, ba ta taɓa shan ruwa a kofinsa ba, ko matashinsa idan za a shanya, da can Sela ce ke ɗauka, yanzu shi da kansa. Haka ya tashi da nasa uban, haka kowane gida na mutunci yake.

"Zan sa safar hannu," ta ce da sauri. "Roba ce za ta taɓa ka, ba ni ba."

"A Suva aka koya miki wannan wayon?"

Ta sunkuyar da kai.

"Idan na sa takalmi na taka kabarin uwarki, takalmin ne ya taka?"

Maganar ta mutu a nan. Ta ɗauke kwanukan, ta juye ragowar wa aladu.

Kelepi mutum ne da ya saba gyara injinsa da abin da ke hannu. Kwana biyu bayan haka ya shiga kantin ɗan Sin da ke kusa da tashar jirgi, ya jira har mutane suka ragu, ya nuna robar da 'yan ƙwallon rugbi ke cusa wa bakinsu don kare haƙora. Baƙa ce, mai kauri. Ba wanda ya tambaye shi, amma ya ce ta wani ɗan ɗan'uwansa ce. Da Lesieli ta tafi aiki ya tafasa ruwa, ya jefa ta ciki kamar yadda ya ga samari suna yi, ya tsamo ta da cokali, ya cije ta da dukan ƙarfinsa. Ta ƙone masa dasashi, amma ta zauna daram. Ya ji daɗi ƙwarai. Roba dai roba ce, ga shi ba wanda ya sani, ba wanda ya taɓa shi.

Kwana uku ya yi da ita. Yana tashi da yawu a matashi, muƙamuƙinsa kamar an daka, amma ya daure. A safiya ta huɗu robar ta ƙi fita. Ya sa babban yatsa ya fizge ta, sai ya ji wani ɗan sauti a cikin kansa, ƙaramin gaske. Ya kai harshe. Zinaren ya motsa.

Ranar bai fita da jirgi ba, abin da bai taɓa yi ba sai Lahadi. Bai ci komai ba, ko ruwa da tsoro ya sha. Ya zauna a baranda bakinsa a rufe, mutane na wucewa suna gaishe shi yana ɗaga hannu. Da Lesieli ta dawo, ya ajiye baƙar robar a kan benci tsakaninsu, kamar yaron da aka kama da mangwaron maƙwabta. Ta dube ta, ta dube shi. Da ta yi dariya da ya fi masa sauƙi.

"Buɗe in gani daga nan, Baba."

Ya buɗe. Ta leƙa daga inda take, hannayenta a bayanta.

"Ba zai kai wata biyar ba. Ko wata ɗaya ban ce ba. Wata rana za ka tashi ka tarar babu shi." Sannan ta ce, "Akwai Toakase."

Toakase ɗiyar yayarsa Luseane ce, mai sayar da kifi a kasuwa, mace mai shekara arba'in da 'yan kai da murya kamar ƙahon jirgi. A al'adarsu ɗan 'yar'uwa a kan kawunsa yake zaune, kowa ya san haka. Toakase tana iya shiga gidan Kelepi ta cire hular kansa ta sa, ta ci daga kwanonsa, ta kama aladen da ya fi ƙiba ta tafi, ba mai cewa uffan, kuma duk ta taɓa yi. Babu abin da ya hana hannunta shiga bakinsa. Sai dai abin da Toakase ta sani, uwarta ta sani kafin faɗuwar rana. Kelepi kuwa tun yana ɗan shekara goma bai taɓa zama ɗaki ɗaya da Luseane babu riga ba, bai taɓa barin maganar jikinsa ta kai kunnenta ba. Yanzu za ta ji cewa ƙaninta yana tauna cikin barci, yana zubar da yawu, har ya sayi kayan wasan yara ya ɓoye.

Ya kai harshe ya taɓa wurin a hankali. Ya ce, "Kira ta."

Washegari da la'asar, bayan marasa lafiya sun watse, ya ɗaura tabarmarsa ta kugu, wadda ake sawa a kan tufafi don girmamawa, kamar mai zuwa coci, ya bi ta bayan asibitin ya shiga. Toakase ta riga shi. Tana zaune a kujerar likita tana juyi da ita.

"A'a, ga ɗan wasanmu! Kawu, wace lamba suka ba ka? Ni da na ji labari na ce wallahi sai na je kallo ranar Asabar, in ga tsoho ya rungumi ƙwallo."

"Toakase, kin wanke hannu?"

"Hannun da ke ciyar da rabin garin nan? Zauna, Kawu. Yau ni ce direba, kai ne kaya."

Ya hau doguwar kujerar, aka kwantar da shi baya. Bai taɓa kwanciya a gaban 'yarsa ba. Ya kafa ido a silin. Lesieli ta sa wa Toakase safar hannu, amma ƙarnin kifi ya bi ta cikin robar ya fito. Ta nuna mata yadda za ta shafa ɗan basilin a kan zinaren, yadda za ta shigar da cokalin ta gefe, ta fara danna baya sannan gaba.

"Idan na kwaɓa ba jira, Toa. Yana saurin daskarewa. Kuma wajen cirewa, don Allah a hankali."

"Ke, ni da ke zare ƙaya daga kifi yana da rai? Kwaɓa mu gani. Kawu, hangame. Ƙara. Haba, da ake rabon naman alade ai ya fi haka buɗuwa."

Ƙullun ruwan hoda ne, mai sanyi, yana ƙamshin na'a-na'a. Ya cika masa baki ya gangara wajen maƙogwaro, ya ji amai na taso masa. Lesieli daga gefe tana cewa ya ja numfashi ta hanci, ya sunkuyo kaɗan. Toakase ta tallafe ƙeyarsa da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin bakinsa, yawu na bin haɓarsa yana ɗiga a kan tabarmar kugunsa.

"Lesieli, dubi Allah," in ji Toakase. "Shekara nawa ana cewa Kawu ba ya magana don hankali. Ashe da a ce mun san wannan garin, da Sosaia muka fara ɗura wa."

Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta jira ba. Da lokaci ya yi Lesieli ta ce a cire. Toakase ta ɗan girgiza cokalin, ya ƙi. Ta ƙara ƙarfi kaɗan, ya fito da sauti kamar an zare ƙafa daga laka. Harshen Kelepi ya riga kowa zuwa wurin. Babu komai sai kaifin haƙori da rami.

"Wayyo Allah," in ji Toakase, a karo na farko da ƙaramar murya. "Kawu, ban ja da ƙarfi ba, na rantse."

Zinaren yana nan cikin ƙullun, a kwance a gurbin haƙorin. Lesieli ta sa hantsaki ta ɗauko shi, ta wanke, ta ɗora a kan auduga. Kelepi ya tashi zaune ya duba. Bai kai ɓawon ƙwayar shinkafa biyu ba. A bakinsa ya fi haka girma.

"Ba laifinki ba ne, Toa," in ji Lesieli. "Da ma a bakin fita yake. Gara nan da a ce ya haɗiye shi."

"Za a iya mayarwa?" Muryarsa ta fito wata iri, iska na bi ta gurbin.

"Za a iya. A goge haƙorin, a busar, a sa gam, a ɗora shi daidai yadda yake."

"To ki gaya mini in yi," in ji Toakase.

Lesieli ta girgiza kai. "Wannan ba na nuni ba ne. Idan ya karkace ko da kaurin gashi, gam ɗin ya kama, sai an fasa shi kafin ya fita. Kuma ya yi siririn da ba zai jure ba." Ta juya wajen ubanta amma ba ta dube shi ba. "Zan sa maka shi a kwalba, Baba. Ka ajiye har likita ya zo."

Kelepi ya yi tunanin wata biyar. Ya yi tunanin kwalba a kan taga, a gidan da iska ke shiga ta ko'ina, da haƙorin da zai ci gaba da cinyewa har zinaren ya rasa wurin zama. Ya tambaye ta ko hakan na iya faruwa. Ta ce yana iya.

Ana jin aladu suna tono a bayan taga. Sannan ya koma ya kwanta, ya gyara tabarmar kugunsa, ya haɗa hannayensa a ciki.

"Zo ki mayar."

Ba ta motsa ba. Ita da ta kawo maganar safar hannu, yanzu ta tsaya riƙe da hantsaki.

"Baba, ba zan iya ba."

"An koya miki ko ba a koya miki ba?"

"An koya mini."

"To kayan uwarki ne. Mayar mata da shi inda ya saba zama." Ya rufe ido. "Toakase, riƙe kan nan. Ke kuma kada ki faɗa mini lokacin da za ki fara."

Toakase ta zagaya ta kama kansa da hannu biyu, ta ɗage masa leɓe da babban yatsa. Ya ji an tura auduga, ya ji iska mai sanyi a haƙorin har cikin ƙwaƙwalwa. Sai ya ji wasu yatsu, ba na Toakase ba, ƙanana, sun sauka a haɓarsa. Da farko suna rawa. Daga baya suka tsaya. Kunya ta taso masa tun daga ƙirji har kunnuwa, zafi kamar na zazzaɓi, hawaye suka gangara ta gefen ido suka shige tafin Toakase. Ita kuwa ta matsa yatsa ta share, ta ce wa silin, "Wannan fitila taku ta cika haske, ko ni idona ruwa yake."

Da aka gama, Lesieli ta ce ya cije a hankali. Ya cije. Ya kai harshe. Yana nan, ba ya motsi.

Ba su koma gida tare ba. A daren ta ajiye masa abinci ta shige ɗaki, ita ba ta ci ba. Kusan mako guda suna gaisawa kowa na kallon ƙasa. Luseane ta aiko da kwandon doya ba tare da saƙo ba, ya gane ta ji, ya kwana biyu yana kauce wa layin gidanta. Aka sake ɗaukar awon, Toakase ce dai ta danna, wannan karon zinaren bai bi ƙullun ba. Bayan mako uku robar ta iso a jirgi cikin ɗan akwati shuɗi. Fara ce garau, siririya, ba ta yi kama da abin da zai iya tare komai ba. Yakan jira sai ya rufe ƙofa sannan ya sa, da asuba ya wanke ta da kansa da ruwan sanyi, ya ɓoye akwatin a cikin aljihun rigarsa ta coci.

Da ta yi wata biyu Lesieli ta ce tana bukatar ganinta. Ya fito da ita baranda da safe, ya riƙe ta da yatsa biyu ya ɗaga wa rana, ita kuma ta matso ta duba ba ta karɓa ba. Duk cikin robar ya yi zane-zane, kamar katakon da ake yanka kifi a kai. A wajen turame har ta yi kwarmi. Shi ma sai a lokacin ya dube ta da kyau, ya ga irin ƙarfin da yake saukewa a kai kowane dare, shi da ake aiko yara su koyi natsuwa a wurinsa.

"Duk ni na yi wannan?"

"Kai ne, Baba."

"Zinaren fa?"

Ya buɗe baki, ta leƙa. "Yadda na bar shi."

Ya mayar da robar cikin akwati ya rufe. Ta ce a yadda yake cin ta, da wuya ta wuce shekara, sai an sake wata, sai an sake ɗaukar awo. Ya gyaɗa kai yana kallon teku, inda mutane suka fara taruwa a bakin jirginsa da kwanduna.

"Idan lokacin ya yi ki gaya wa Toakase tun da wuri," ya ce. "Kada ta taɓa kifi ranar."